Awatara: manyan alloli na addinin Hindu da saukowarsu, da matsalar fassara kalmar zuwa Hausa

1. Mafarin zance

A darasin fassara mun sha ba ɗalibbai nassin Faransanci mai ɗauke da kalmar *avatar*, kuma kusan kullum amsa uku ke dawo mana: wasu su ce «gunki», wasu «sake haihuwa», waɗanda suka buɗe ƙamus kuwa su ce «tsautsayi». Ta ukun ma tana da madogara, domin Faransanci ya karkatar da kalmar har ta kai ga nufin wahalar da ta auka wa mutum, wataƙila saboda kusancin sautinta da *avanie* da *aventure*. Sai dai babu ɗaya cikin ukun da ta dace da abin da mabiya addinin Hindu ke nufi, alhali kuwa ba su da kaɗan: ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su kusan miliyan 966, watau 79,8 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Don haka muka ga ya kamata mu koma ga tushen kalmar da kuma aƙidar da ta haife ta.

Game da rubutu, harafin da ake rubutawa *v* a kalmomin Sansikirit muna mayar da shi *w*, domin furucinsa ya fi kusa da wannan bisa ga *b*. Ke nan za mu rubuta Wishnu, Shiwa, dewa, awatara.

2. Su wane ne manyan?

Littafi mafi tsufa, Rigweda, tarin waƙoƙin yabo ne 1028 da ake ƙiyasta an tsara tsakanin 1500 da 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Kalmarsa ta abin bauta ita ce *dewa*, ƴar'uwar *deus* ta Latin da *dieu* ta Faransanci. Wanda ya karanta shi da sanin Indiya ta yau zai yi mamaki: Indira, mai tsawa da yaƙi, yana da waƙa wajen 250, Agni, watau wuta, wajen 200, amma na Wishnu ba su kai goma ba. Shiwa kuwa bai ma zama suna ba tukuna. Sifa ce mai nufin «mai alheri», wadda ake lallashin Rudra da ita, wani abin bauta mai ban tsoro. Daga baya sifar ta zama sunan yanka.

Littattafan makaranta sun saba kawo uku a jere: Birahma mai halitta, Wishnu mai kiyayewa, Shiwa mai rushewa, a haɗa su da sunan *tirimurti*, «siffa uku». Wannan jeri yana da sauƙin hardacewa, amma a ganinmu yana ɓatar da mai koyo. Birahma kusan ba a yi masa bauta. Ɗakin ibadarsa da aka fi sani shi ne na Pushkar a jihar Rajastan. A aikace, masu ibada sun kasu ne zuwa mabiya Wishnu, mabiya Shiwa, da mabiya Dewi, abar bauta mace, wadda ake kira Durga ko Kali. Kowane rukuni yana ɗaukar nasa a matsayin Maɗaukaki, mai yin ayyukan nan uku shi kaɗai, sauran kuwa fuskokinsa ne ko bayinsa.

A nan akwai wani tarko na nahawu. *Birahman*, suna marar jinsin namiji ko tamata, shi ne haƙiƙa ɗaya tilo da littattafan Upanishad ke cewa ita ce asalin kome. *Birahma*, namiji, shi ne mai fuska huɗu da muka ambata. A harshen Weda wurin ɗaga murya ne ke raba *bráhman*, kalmar tsarki, da *brahmán*, malamin da ke furta ta, kamar yadda karin sauti ke raba mana kukan yaro da kukar miya. Mai fassarar da ya gwama su ya mayar da falsafa tatsuniya.

To, abin bauta ɗaya ne ko da yawa? Tambayar ta girmi zuwan Turawa. A Upanishad mai suna Birihadaranyaka an tambayi malami Yajnawalkiya yawan alloli, ya fara da 3306, aka yi ta matsa masa yana ragewa zuwa 33, zuwa 6, har ya tsaya ga ɗaya. Albiruni ma, a littafinsa kan Indiya da ya kammala wajen 1030, ya bambanta malamansu, da ya ce sun yarda da Ubangiji ɗaya madawwami, da talakawa masu riƙo da siffofi.

3. Saukowa

*Awatara* ta ƙunshi ɗafa-goshi *awa-*, «ƙasa», da saiwar aikatau *tar-*, «ƙetare». Ma'anarta ta asali ita ce ƙetarowa zuwa ƙasa, watau saukowa. Nassin da aka fi kafa hujja da shi yana babi na 4 na Bagawad Gita, inda Kirishna ke shaida wa Arjuna cewa duk lokacin da *darma*, tsarin gaskiya da ke riƙe da duniya, ya raunana, yakan bayyana kansa don ya tsare mutanen kirki ya halaka azzalumai. Abin lura, kalmar awatara kanta ba ta cikin waɗannan baitoci. Littattafan Purana ne suka daidaita ta a wannan ma'ana daga baya.

Aƙidar ta Wishnu ce musamman. Jerin da ya fi yaɗuwa yana da goma: kifi, kunkuru, gursunu, mutum-zaki (Narasimha), wada (Wamana), Rama mai gatari (Parashurama), Rama, Kirishna, Buda, sai Kalki wanda bai zo ba tukuna, ana jiransa bisa farin doki a ƙarshen wannan zamani. Amma goman nan ba ƙayyadadde ba ne. Bagawata Purana ya lissafa 22 a wani wuri, sa'an nan ya ƙara da cewa ba su ƙirguwa. Wasu jerin suna sa Balarama, wan Kirishna, a gurbin Buda. Jayadewa, mawaƙin ƙarni na 12, ya sa su duka biyu ya fitar da Kirishna daga lissafi, don a wurinsa Kirishna ne mai saukowar da kansa.

Wasu labaran ma sun girmi danganta su da Wishnu. Kifin da ya ceci Manu daga ruwan tsufana yana cikin Shatapata Birahmana ba tare da sunan Wishnu ba, kuma a Mahabarata Birahma ne kifin. Haka aƙidar ta yi ta haɗiye tsofaffin labarai da manyan mutane. Buda shi ne misali mafi ban sha'awa: wasu Purana sun ce ya zo ne don ya ruɗi miyagu su bar Weda su halaka, Jayadewa kuwa ya yabe shi da tausayin dabbobin da ake yankawa hadaya.

Labarin Narasimha zai burge duk mai nazarin ma'ana. Azzalumin sarki Hiranyakashipu ya samu alkawari daga Birahma cewa mutum ba zai kashe shi ba, dabba ma haka. Ba da rana ba, ba da dare ba. Ba cikin gida ba, ba waje ba. Ba a ƙasa ba, ba a sama ba. Ba kuma da makami ba. Da ya tsananta wa ɗansa Pirahalada saboda bautar Wishnu, sai wani mai jikin mutum da kan zaki ya fito daga ginshiƙi, da almuru, ya ɗora shi bisa cinya a bakin ƙofa, ya farke shi da farce. Ba a saɓa ko sharaɗi ɗaya ba. Sarkin ya ɗauka kishiyoyi biyu sun rufe dukan fili, ya manta da abin da ke tsakaninsu.

Rama da Kirishna su ne suka mamaye ibadar yau da kullum, kuma zancensu bai tsaya ga littafi ba. Rikicin wurin da ake cewa nan aka haifi Rama a Ayodiya ya kai ga rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, da tarzomar da ta ci rayuka masu yawa. An buɗe ɗakin ibadar Rama a wurin cikin Janairu 2024. Ɗan jaridar da zai ba da irin wannan labari da Hausa yana bukatar kalmar da ba zagi ba ce, ba kuma wa'azi ba.

4. Wace kalma?

«Sake haihuwa» ba ta yi ba. A wannan addini kowane mai rai ana sake haihuwarsa bisa tilas, sakamakon ayyukansa, watau *karma*. Mai saukowa kuwa da nufinsa yake zuwa, ba bashin aiki ya jawo shi ba. «Gunki» ta fi kusa da *murti*, siffar da aka sassaƙa, kuma tana ɗauke da hukunci a kunnen Bahaushe. Gaskiya ne mabiya Wishnu na kudancin Indiya, bin koyarwar Ramanuja, suna ɗaukar siffar da ke ɗakin ibada a matsayin wani nau'in saukowa, amma wannan reshe ɗaya ne, bai isa ya ba dukan bishiyar suna ba.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo shawarar aron kalmomin bori. Kwatancin yana da ɗan amfani, tun da malaman Hindu sun san saukowa cikakkiya, da ta sashe, da kuma wadda ƙarfin abin bauta ke shiga wani mutum na ɗan lokaci, kamar yadda wasu ke faɗi game da Parashurama. Sai dai alƙiblar ta juye: a bori iska hawan dokinta take yi, saukarta kuwa tafiyarta ce. Rama ma ba doki ba ne. Babu wani mutum dabam da aka hau.

Saura «saukowa», wadda ta yi daidai da ƙirar kalmar gaɓa da gaɓa, har da ɗafa-ƙeyar *-o* mai nuna motsi zuwa wajen mai magana. Nakasunta shi ne tana nuna aikin kawai, alhali awatara tana nufin aikin da kuma wanda ya sauko: ana cewa Rama awatara ne, amma ba a cewa Rama saukowa ne. Shawararmu ita ce a riƙe «saukowa» don aikin, a aro «awatara» don mai zuwan. Aron ma zai zo da tasa rigima. Kalmar namiji ce a Sansikirit, amma da yake ta ƙare da *-a*, bakin Bahaushe zai ja ta zuwa tamata, kuma mun riga mun ji ɗalibbanmu suna cewa «awatarar Wishnu ta bakwai» suna nufin Rama, mijin Sita.