"Ai Sabon Aiki Ne, Za Ta Saki": Maganar Da Ke Kashe Injin Mota

Tun da farashin mota ya fi ƙarfin mai albashi, musamman bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar Naira a 2023, jama'a suka koma lallaɓa tsofaffin da ke hannunsu. Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991, da Corolla da Honda 'yan Beljiyam, har da ragowar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, duk ana ta sauke musu inji ana sa sabon ringi da metal. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo kaya da guminsa, ya biya kuɗin aiki, ranar karɓar mota a murza makulli, kik ya yi ta nishi kamar zai shiɗe. Sai a ƙwala wa yara kira su zo su tura. In mai mota ya ɓata rai, oga ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Ai sabon aiki ne, injin ya yi tauri. In ta kwana biyu za ta saki."

Na gaji da jin wannan magana, kuma ta cinye injina da yawa.

Abu huɗu inji mai shan fetur yake buƙata kafin ya tashi: kik ya juya shi da sauri, silinda ta matse iska sosai, mai ya iso daidai gwargwado, wuta ta faɗo a fulogi a kan lokacinta. Duk motar da ke wahalar tashi, ɗaya cikin huɗun nan ne ya gaza. "Sabon aiki" ba ya cikin lissafin.

Ga tambaya ga masu wannan da'awa. Motar da ta fito daga kamfani, fistan da ringi da metal ɗinta duk sababbi ne dal. Wa ya taɓa ganin ana tura ta daga bakin masana'anta? Murzawa ɗaya take tashi. Gaskiya ne sabon ringi yana ɗan goga jikin silinda fiye da tsoho, amma ba gogar da za ta gagari lafiyayyen batir ba. Idan aka haɗa inji daidai, kafin a mayar da fulogi makanike zai sa sifana a kan kiranshaf ya juya shi da hannu, ya zagaya sumul ba tare da cijewa a ko'ina ba. Injin da sai an sa wa sifana dogon bututu an taka da ƙafa kafin ya motsa, an haɗa shi ne ba daidai ba.

Tsakanin kiranshaf da metal akwai tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wajen milimita 0.02 zuwa 0.05 a yawancin ƙananan motoci. Ta nan baƙin mai yake ratsawa ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Wannan tazara tana toshewa idan an kai kiranshaf wurin yanka sannan aka sayo metal wanda ba lambarsa ba, ko aka musanya murafen metal ɗin, na uku ya koma gurbin na biyu, ko aka juya ɗaya baya ya koma gaba. Tana toshewa kuma idan ƙwayar yashi ta maƙale a bayan metal, abin da ba wuya tunda a ƙasa ake baje kayan inji, a kan buhun siminti, iskar hunturu na kaɗawa. Ringi ma yana da 'yar tazara a bakinsa da ake aunawa kafin a sa shi, domin in ya yi zafi ƙarfensa yana buɗewa, tazarar ta ragu. Notuna kuwa kowanne da ƙarfin ɗaurin da kamfani ya ƙayyade, kuma akwai sifana mai awo da aka yi don haka. Garejin nawa ne suke da ita? Mafi yawa ƙarfin damtsen yaro ne awonsu.

To, idan irin wannan inji ya "saki" bayan kwana biyu, me ya faru? Ƙarfe ne ya ci ƙarfe har ya sama wa kansa hanya. Garin da ya goge yana cikin baƙin mai yana zagaya ko'ina. Bayan 'yan watanni fitilar mai ta fara ƙiftawa, inji ya fara buga ƙwanƙwasa, salansa ta fara shuɗin hayaƙi, a ce maka ai kayan da ka sayo ne jabu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma da kuɗinka aka yi shi.

Dabarun da ake tayar da irin wannan inji sun fi cutar muni. Wasu sukan jera batir biyu a haɗa su su ba da volt 24 ga motar da aka ƙera don 12. Kik yana iya ƙonewa, kwamfutar motar da ake ce wa birenbos tana iya tafiya, ga fitilu da sensoci. Wasu su ɗaura igiya a ja motar a giya ana zagaya unguwa. Wasu su cire bututun iska su tsiyaya fetur daga gorar ruwa, yaro ya tokare bakin da tafin hannu. In wuta ta dawo baya, fuska da hannu ne a gaba. Ko ba a yi gobara ba, ɗanyen fetur yana wanke man da ke jikin silinda, sabon ringi ya yi ta gurzar busasshen ƙarfe, sauran ya gangara ya tsinka baƙin mai. Sai kuma a bar mota a kunne dare guda a tsaye wai ana horar da inji. Ringi yana zama ne idan ana tuƙi a hankali ana sauya gudu, tsayuwa wuri ɗaya kuwa asarar lita ce kawai. Wanda aka damƙa wa dukiyar mutum amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi.

Ga abin da mai mota zai yi, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Da farko ya kasa kunne. Kik ɗin yana juyawa da ƙyar ne, ko yana juyawa da sauri amma inji ya ƙi kamawa?

In da ƙyar yake juyawa, a sa mita a kan batir. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 mota na kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake murzawa. Daga nan a nemi kaurarar wayar da ke haɗa jikin inji da bodin mota. Ita aka fi mantawa idan an mayar da inji, ko a ɗaura ta a kan fenti da tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya fito, a ɗaure tam. In batir da waya da kik duk lafiya, a cire fulogi a juya inji da hannu. Ya cije? A sake buɗe shi, kuma ba da kuɗinka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In kuwa yana juyawa da sauri bai kama ba, a fara da taimin. Kiranshaf yana zagaye biyu kamshaf ya yi ɗaya, kuma akwai alamomi a jikinsu da dole su yi daidai. Kuskuren haƙori ɗaya a bel ya isa ya sa mota wahalar tashi da rashin ƙarfi, in ya yi yawa kuma, a wasu injina fistan ya daki bawul. A duba jerin wayoyin fulogi, wanda a yawancin injina masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne. A tsofaffi irin 504 da ake saita bawul da hannu, dole a sake saitawa bayan an taɓa kan inji, domin bawul ɗin da bai rufe ruf ba yana zubar da matsi. Akwai ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi. A gwada kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Sannan a lura da lokacin da take gardama. Mai wahala da sanyin asuba, a bi ƙananan bututun iska ko an bar ɗaya a cire ko ya tsage, a duba cok in mai kafireta ce, in mai injekta ce a duba soket ɗin sensar zafin ruwa, wadda ke gaya wa kwamfuta yawan man da za ta bayar. Mai wahala bayan ta yi zafi an kashe ta na ɗan lokaci, a zargi nozul mai ɗiga ko famfon mai da ba ya riƙe matsi. Injekta tana son matsin mai na wajen bar 3, kuma ma'auni ne ke faɗa, ba tsotsa da baki ba. Fulogi da kansa shaida ne: in ya fito jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa ko wuta babu, in ya fito a bushe mai bai iso ba. Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da soket ɗin na'urar bincike. Kuɗin sa na'urar bai kai na kwayil ɗaya da za a saya bisa cinke ba. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar kik ya huce kafin a sake.

Gurɓataccen mai, toshewar matatar mai da makullin da kwamfuta ba ta gane ba, su ma suna jawo wahalar tashi.

Tun kafin a kwance noti ɗaya, ka yi sharaɗi da makanike a gaban shaida: cikon kuɗin aiki sai motar ta kwana a kashe, ka zo da safe ka taɓa inji ka ji shi da sanyi, ka murza da hannunka ta tashi da batir ɗinta, ba turi ba tsiyayen fetur. Makaniken da ya san aikinsa ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ka ɗauki motarka tun injin yana haɗe.