Lagireto, Kanta da A-kori-kura: Yaren Mota a Hanyar Wurno

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Goronyo, manomin da ya tara buhunan albasa ba ya cewa a nemo masa mota kawai. Sai ya faɗi irin wadda yake so. In buhunan ba su da yawa, a-kori-kura ta isa, wato ƙaramar motar nan mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen baya. In sun yi yawa sai kanta. In kuwa Kudu za a kai su, to magana ta koma kan roka ko tirela. Kowane suna yana ɗauke da nauyin kaya da kuɗin da za a biya.

Yawancin sunayen nan aro ne, amma bakin Bahaushe ya riga ya sarrafa su. Kanta sunan wata motar kaya ce ta kamfanin Mitsubishi, sai ya bi duk mai kama da ita. Hayis, bas ɗin da ke jigilar mutane daga Sakkwato zuwa Achida da Wurno, ta samo suna daga Hiace ta Toyota. Jif kuwa ta fito ne daga motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, yau ga shi duk wata doguwar mota ta manya jif ce, ko wane kamfani ya ƙera ta. Salun ita ce mai ƙofa huɗu da but a ware, wagon kuma mai rufin da ya miƙe har baya, shi ya sa direbobin haya suka fi ƙaunarta.

Dattawan Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, sun san zamanin da Fijo ke sarauta a hanya. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma motarsa ƙirar 504 ta daɗe tana shan ramuka ba ta gaji ba. Kafin nan, a watan Afrilun 1972, Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, abin da ya sa sitiyari ya zauna a hagu. Yanzu kalmar da ta fi yawo a bakin dillalai ita ce Beljiyam, ma'ana mota ko kayan gyara da aka yi amfani da su a Turai kafin su iso nan.

A garejin bakanike ne yaren ya fi zurfi, kuma a nan ne rashin saninsa ke cin kuɗi. A ɗauki lagireto. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ga mota ta ɗauko shinkafa daga fadamun Rima. Ruwa ne ke zagaya injin yana kwashe zafi, ya zo lagireto iska ta huce shi, ya koma. A tsofaffin motoci fanbel ce ke juya fanka da famfon ruwan. Ta tsinke, ruwa ya tsaya, allurar zafi ta haye, tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet. Direban da ya san haka zai faka, ya kashe injin, ya jira, ba zai taɓa murfin lagireto yana zafi ba, don ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska. Wanda ya ci gaba da taka totur kuwa, gaskit zai ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, daga nan sai a ji injin ya buga. Fanbel ɗaya ta jawo sauke injin gaba ɗaya.

Sauran sun fi sauƙi. Filogi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur, kafireto ke gauraya fetur da iska a tsofaffin injina, salansa ke rage ƙara, shokozoba da sifirin ke shanye girgizar rami. Kuloci, birki da totur su ne uku da ke ƙarƙashin ƙafa.

Wani abin sha'awa shi ne yadda Sakkwatanci ya sa wa kalmomin nan hatiminsa. Abin da Bakano zai kira fitila, a Wurno hitila ne, mai faci kuma mai hwaci ne. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837 bai bar baƙuwar kalma ta shigo ba tare da ta koyi harshen gida ba.

Mai mota a Goronyo ko Rabah ba sai ya zama bakanike ba. Amma in aka ce masa an canza wani abu, ya tambayi sunansa da aikinsa, ya ce a miƙo masa tsohon da aka cire ya gani da idonsa kafin ya biya.