Salsalar Gida Tsakanin Takardar Bature da Bakin Tsofaffi

Daga ranar 3 ga Fabrairun 1903 da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano zuwa ranar 1 ga Oktoban 1960 da aka sauke tutar Ingila, shekara 57 ce kacal, ba ta ma kai tsawon ran dattijo guda ba. Duk da haka a cikin wannan ɗan tsakanin ne salsalar gidaje da yawa take yankewa. Tambayi magidanci sunan mahaifinsa da na kakansa, zai faɗa ba gargada. Tambaye shi wanda ya haifi kakan, da garin da ya baro, da sunan matar da ta haifa masa 'ya'ya, sai zance ya koma "an ce". A 'yan shekarun nan zuriyoyi da dama sun ɗauki al'adar taron zumunci, ana buga littafi ko babban allo mai rassa, kuma abin a yaba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda yawancin allunan nan suke fitowa sumul, babu giɓi ko ɗaya, tun daga jaririn bana har zuwa wani waliyyi ko mai tuta. A ganina salsalar da aka gina a kan ƙarancin shaida ba ta da daraja sai ta nuna wa mai karatu inda aka tabbatar, da inda ake kyautata zato, da inda aka rasa. Hanyar kai wa ga haka kuwa ita ce a sa takarda da baki su tuhumi juna, kada a naɗa ɗayansu alƙali a kan ɗaya.

Sai an fahimci dalilin ƙarancin takardun kafin a san inda za a neme su. Bature ya yi rubutu ne don haraji da tsaro. Rahotannin da Di'o-Di'o suka riƙa rubutawa idan sun zaga gunduma suna kawo adadin maza baligai da mata da shanu da gonaki, da sunayen hakimai da dagatai, wani lokaci har da jerin waɗanda suka gabace su. Talaka kuwa lamba ce a cikin jimla. Ƙidayar 1921 da ta 1931 a Arewa sun dogara ƙwarai a kan lissafin haraji, kuma ba a yi wa jama'ar karkara rajistar haihuwa ko mutuwa ba. Dokar da ake aiki da ita yanzu a Nijeriya kan rajistar haihuwa ta 1992 ce. Hatta Sardauna Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi, wasu littattafai na cewa an haife shi a 1909, wasu 1910. Idan haka ta faru da ɗan gidan sarauta, ina ga ɗan manomi ko ɗan marini?

Sunan talaka yana fitowa ne a inda ya yi karo da hukuma: gaban alƙali, a makaranta, a soja, a aikin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, a haƙar kuza a Jos, ko a rajistar bayin da aka 'yanta. Mafi albarka a cikinsu su ne kundayen shari'a, domin rabon gado yana tilasta a ambaci mamaci da matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, abin da takardar haraji ba ta yi. Masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu daga hukunce-hukuncen majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga su a 1994, kuma a cikinsu ana ganin mutanen gari da sunayensu suna jayayya a kan gona da gado da bayi. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House suna riƙe da tarin takardun lardunan Arewa. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba yana iya duba jerin sunayen da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa a intanet, domin akwai sojojin Afirka ta Yamma da aka rubuta a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Gidan da tushensa ke Maraɗi ko Damagaram kuwa, takardunsa na iya kasancewa a Yamai ko Dakar ko birnin Aix-en-Provence na Faransa, da harshen Faransanci, musamman da yake aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya sa mutane da yawa sun tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Ingila.

Samun sunan a takarda ma ba ya kashe magana, a nan ne masu bincike suka fi zamewa. Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada daga uba zuwa jika irin na Turawa. Makaranta da bariki ne suka liƙa wa mutane sunayen garuruwansu, shi ya sa muke da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari, kuma Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina. Saboda haka "Audu Katsina" a rajistar soja yana iya zama kowane ɗaya daga cikin ɗaruruwan mutane, wataƙila ma ba Bakatsine ba ne, can ne kawai aka ɗauke shi. Ga kuma al'adarmu ta mayar wa jika sunan kaka, wadda ke sa Muhammadu uku su jeru a gida ɗaya. Ga alkunya, wadda ke hana mace faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta, har laƙabi ya binne sunan yanka. Ga kuma kunnen tafinta da alƙalamin akawu, waɗanda suka mai da Usman ɗaya ya zama Usuman a Katsina, Ousmane a Tasawa. Mai gaggawa zai haɗa mutum biyu ya mai da su ɗaya, ko ya raba ɗaya gida biyu. Suna kaɗai ba shaida ba ne. Sai ya zo tare da gari da sana'a da zamani, da sunan wani ɗan'uwa da aka riga aka sani ta wata hanya.

To, sai a ce a koma ga tsofaffi, kuma lalle a koma. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna irin taskar da ke kan mace guda: aure-aure da sake-sake, da riƙon 'ya'ya, da harin masu kamun bayi, da asalin gidansu daga Barno. Babu rahoton Razdan da ya riƙe irin wannan. Amma baki yana da tasa cutar, wato yana gyara jiya don ta dace da yau. Jack Goody da Ian Watt sun kawo misali daga ƙasar Gwanja a arewacin Ghana. A farkon mulkin Turawa an rubuta cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da yankuna bakwai na ƙasar. Bayan kimanin shekara 60, yankuna biyu sun shuɗe, sai labarin ya koma cewa 'ya'yansa biyar ne. Ba wanda ya zauna ya ƙulla ƙarya. Ƙwaƙwalwar al'umma ce take zubar da abin da ya daina amfani. Haka take zubar da kakan da bai yi suna ba, da reshen da ya yi ƙaura, da matar da ba ta haifi namiji ba, ta kuma matso da sanannen kaka kusa.

Lissafi yana taimakawa wajen kama irin wannan tsallake. Shehu Usmanu an haife shi a 1754, ya haifi Muhammadu Bello, shi kuma ya haifi Abubakar Atiku na Raba, ya haifi Ibrahim, ya haifi Sardauna. Haihuwa huɗu ke nan a cikin kimanin shekara 156, wato kusan 39 kowace. Wannan salsala ce tabbatacciya, kuma tana koya mana cewa a ƙasar da dattijo kan haihu yana da shekara sittin, tazarar takan yi tsawo. Amma idan wanda aka haifa a 1960 ya ce sunaye biyu ne rak tsakaninsa da mutumin da ya yi jihadin 1804, dole a tsaya a bincika ko wani suna ya faɗi a hanya. Shekarun haihuwa kuma ana iya kusantarsu ta abubuwan da jama'a ba ta mantawa: yaƙin Burmi na 1903 da hijirar da ta kai wasu har Mai Wurno a bakin kogin Nilu, rikicin Satiru na 1906, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura ta 1918, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956. Tsohuwar da ta ce an yaye mahaifinta shekarar Kakalaba ta ba da shaidar da ta fi ta wasu takardun ƙarfi.

Wannan tsantseni ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun daɗe da koya mana a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ko sun yi zamani ɗaya, sannan a bambanta ingantacce da mai rauni. Haka ya kamata mai binciken salsala ya rubuta a gefen kowane suna daga bakin wa aka samo shi, a wace rana, ko a wace takarda. A tambayi tsofaffi ɗaya-ɗaya, domin a taro ƙarami ba ya musa wa babba. A tambaye su kafin a nuna musu takarda, don kada ta shafe abin da ke kansu. A nemi gwaggo da inna tun kafin baffa, saboda mata ne suka fi riƙe wa ya auri wa. Tsagar fuska da kirarin gida da wasan taubasantaka da sana'ar gado duk alamu ne, haka ma bayan tsofaffin littattafai inda wasu malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da Larabci ko ajami.

Akwai masu cewa takardun Bature na maƙiyi ne, wanda ya zo da raini ya kuma dogara ga tafinta, don haka ba abin yarda ba ne. Rabin maganar gaskiya ce. Hukuncinsa a kan halin mutane da ƙissoshinsa na asalin ƙabilu abin tuhuma ne. Amma son zuciya yana da inda yake shiga. Akawun da ya rubuta cewa wane ya biya fansar kansa a wata shekara ba shi da ribar sauya shekarar, kuma takardar ba ta canza ba tun ranar da aka ajiye ta. A yi amfani da ita a inda take da ƙarfi, wato kwanan wata da wuri.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu ganin cewa wannan aiki tonon silili ne, zai iya fito da bauta a gidan da ya manta da ita, ya ɓata aure ko ya zubar da girma. Ban ɗauki wannan tsoro da wasa ba, domin har yau ana binciken asali kafin a ba da mata. Sai dai a dubi girman lamarin. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a wajejen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular Sakkwato. Dokar 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, ba a kuma haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Abin da ya shafi mutane masu yawa haka tarihin ƙasa ne gaba ɗaya, kuma sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne ba tare da hakan ya rage musu komai ba. Kakar da aka sato tana yarinya ta rayu ta kafa zuriya ta cancanci a ambace ta, share sunanta zalunci ne na biyu. Gida yana da ikon zaɓar abin da zai buga wa duniya da abin da zai riƙe a cikinsa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ƙirƙiro kakan da ba a yi ba don a rufe gurbinta, balle a addinin da ya tsananta a kan jingina mutum ga wanda ba ubansa ba.

Gwajin ƙwayoyin halitta da wasu ke ɗokinsa yana iya nuna ko maza biyu sun haɗa kaka ta wajen uba, amma ba ya faɗin suna ko gari, kuma bayanan da kamfanonin ke kwatantawa da su daga yankinmu kaɗan ne.

Takardun Kaduna suna fama da zafi da ƙura da gara, amma za su iya jiran mai bincike wasu 'yan shekaru. Wanda aka haifa a 1940, ya ga Di'o da idonsa ya kuma zauna da kakannin da suka ga zuwan Turawa, yau ya haura shekara tamanin. Duk gidan da ke da irin wannan dattijo ko dattijuwa, ya tura ɗansa da waya ya naɗi muryarsu tun yanzu, ya rubuta rana da sunan mai magana, inda suka ce ba su sani ba kuma a rubuta cewa ba a sani ba.