Yahudawa a Hanyar Sahara: Daga Tuwat zuwa Kano

Wanda ya taso a Kuberi, ko Jega, ko Aliero, ko Maiyama, yakan ji labarin Yahudawa ne a wuri biyu: a gaban malami lokacin tafsiri, inda ake kawo ƙissar Annabi Musa da Banu Isra'ila, sai kuma a rediyo, inda ake kawo labarin Gabas ta Tsakiya. Tsakanin waɗannan biyu akwai dubban shekaru, kuma a cikinsu akwai yankin da ya shafe mu kai tsaye. Hanyoyin fatauci da suka haɗa ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, waɗanda kayansu ke gangarowa har manyan kasuwanni irin ta Jega, sun ratsa garuruwan da Yahudawa suka zauna da iyalansu da littattafansu.

Kafin mu bi hanyar, ya kamata a san abin da ke riƙe da al'ummar Yahudawa a duk inda take. Bayahude ɗaya zai iya yin ibadarsa shi kaɗai, sau uku a rana, yana fuskantar Ƙudus. Amma ibadar jam'i, da karanta Attaura a bainar jama'a, da wasu addu'o'in mamaci, a al'adarsu ta gargajiya ba sa yiwuwa sai an sami maza goma baligai, wato waɗanda suka kai shekara goma sha uku. Suna buƙatar mahauci masani da zai yi musu yanka bisa ƙa'ida, domin ba sa cin alade, ba sa cin jini, ba sa haɗa nama da madara a girki ɗaya. Suna buƙatar mai yi wa jariri kaciya a rana ta takwas. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa bayan faɗuwar rana ta Asabar kuwa babu ciniki, babu hura wuta, babu tafiya mai nisa. Duk wanda ya san ayari ya san irin wahalar da wannan sharaɗi zai jawo wa falke.

A tsakiyar komai akwai littafi. Attaurar da ake karantawa a majami'arsu ba bugun inji ba ce. Marubuci na musamman ne yake rubuta ta da hannu, da tawada, a kan fata, a naɗe ta a jikin sanduna, kuma aikin kan ci kusan shekara guda. Haruffanta sun haura 300,000, kuma idan harafi ɗaya ya ɓaci ba a karatu da ita sai an gyara. An kasa ta kashi-kashi, ana karanta kashi ɗaya kowace Asabar har a sauke a shekara. Bayanta akwai Talmud, tarin muhawarar malamansu a kan shari'a, wanda ɗalibai ke karantawa biyu-biyu suna jayayya da juna.

Littafin da ya tsufa ba a jefar da shi, saboda sunan Ubangiji da ke ciki. Ana ajiye shi a wani ɗaki da suke kira geniza har a binne shi. A majami'ar Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, an yi ta zuba takardu a irin wannan ɗaki na ɗaruruwan shekaru ba a kwashe ba. A 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kai guntaye kusan 190,000 jami'ar Kambirij a Ingila. Da aka duba, sai ga wasiƙun 'yan kasuwa, da takardun aure da saki, da lissafin bashi, da allunan koyon rubutu na yara. Mafi yawan wasiƙun da harshen Larabci aka rubuta su, amma da haruffan Ibrananci, kamar yadda malamanmu suke rubuta Hausa da ajami. Haka babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin. Mutanen nan Larabci suke yi a gida da kasuwa, kuma a cikin wasiƙun ana ambaton Sijilmasa, garin da ke kudancin Maroko inda ayarin zinariya ke tashi zuwa ƙasashen kudu da Sahara.

Labarin da fatake ke kawowa ya kai har tsibirin Mayorka. A can ne aka zana shahararriyar taswirar nan ta 1375, wadda ake danganta ta ga Bayahude Abraham Cresques, mai ɗauke da hoton Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga riƙe da zinariya.

A tsakiyar hamada, a yankin Tuwat da ke Aljeriya ta yanzu, akwai garin Tamantit. A 1447 wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya rubuta wasiƙa daga can yana cewa Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin garin, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi. Suna da majami'a, da malamai, da maƙeran zinariya.

Wannan zama ya ƙare a hannun mutumin da kowane ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ya san sunansa: Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan. Shi yana ganin Yahudawan Tuwat sun karya sharuɗɗan amana saboda kusancinsu da masu mulki, don haka majami'arsu ba ta da hurumin tsayuwa. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda. Ya tsaya a kan cewa su ahlul zimma ne, kuma ba a rushe musu wurin ibadar da aka same su da shi. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka zo a rarrabe, wasu nan wasu can, kuma al-Wansharisi ya tattara su a babban kundinsa na fatawoyin Malikiyya, Al-Mi'iyar. Al-Maghili ya sami goyon bayan da yake nema, ya tara mabiya, aka rushe majami'ar, aka kashe mutane, saura suka watse. Wannan ya faru wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen.

Daga nan Shaihun ya yo kudu, ya bi ta Takedda, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya rubuta wa littafin nan na shugabanci Tajuddin, ya je Katsina, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi har yau. Muna girmama shi saboda abin da ya koya wa sarakunanmu game da adalci, kuma girmamawar tana da dalili. Sai dai a ganina littattafanmu na makaranta sun rage wa ɗalibi wani abu da suka bar sunan al-Asnuni a waje. Shi ma malamin Malikiyya ne, littattafan fiƙihu ɗaya suka karanta, kuma ya kare raunanan garinsa da hujja daga cikin shari'a. Ɗalibin da ya san su biyun zai fi gane yadda malamai ke saɓani a kan babbar mas'ala.

Tasirin al-Maghili ya daɗe a Songhai, daular Askiya. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin cewa sarkin da ke mulkin Tumbuktu ba ya barin Bayahude ya zauna a garin, kuma yana ƙwace dukiyar ɗan kasuwar da aka ji yana hulɗa da su. Sai wajen 1860 aka sami wanda ya sake buɗe ƙofar: Mordekai Abi Serur, malami kuma falke daga garin Akka a kudancin Maroko. Ya sha tsarewa a hanya, ya nemi izinin zama bisa sharaɗin biyan haraji, ya samu. Abin da ya yi bayan haka yana nuna abin da muka faɗa tun farko: ya koma gida ya ɗebo 'yan'uwa da dangi, har adadinsu ya isa yin ibadar jam'i a Tumbuktu. Al'ummar ba ta daɗe ba, ciniki ya karye, suka watse. Amma takardun cinikinsu sun saura a ɗakunan littattafan garin, kuma masanin tarihi Ismael Diadié Haïdara ya yi aiki a kansu a littafin da ya fitar a 1999 game da Yahudawa a Tumbuktu.

Ta ɓangaren gabas kuwa, hanyar Kano zuwa Ghat da Ghadamis tana ƙarewa ne a Tarabulus, inda gidajen kasuwancin Yahudawa ke saye da fitar da gashin jimina da fatu zuwa Turai a ƙarni na 19. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma ya mutu, wasu mutanen Tarabulus suka biyo kasuwar zuwa inda ta koma. Cikinsu akwai Saul Raccah, Bayahude, wanda ya shiga cinikin gyaɗa a Kano har ya yi gogayya da kamfanin UAC wajen fitar da ita waje. Sunan ya zauna a kunnen Kanawa ta wata hanyar ma, domin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Raccah Rovers ce ta lashe gasar ƙasa a 1978.

Irin su Raccah attajirai ne ɗaiɗaiku, ba su kafa unguwa mai majami'a da makaranta kamar ta Tamantit ba. Wuraren ibadar Yahudawa da ake da su a Nijeriya yau suna Abuja da Legas da kudu maso gabas. Mafi yawan masu zuwa cikinsu 'yan ƙabilar Ibo ne da suka rungumi addinin, suna koyon Ibrananci daga littattafan da ake aiko musu da kuma intanet, sai kuma baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa daga Isra'ila da wasu ƙasashe.