3.4 Yadda Ake Tantance Tsiro Mai Wuyar Samu: Misalin Persicaria careyi

3.4.1 Gabatarwa

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan yadda masana kimiyyar tsirrai suke raɗa wa kowane tsiro suna biyu, wato sunan zuriya da sunan yanka. A wannan sashe kuwa za a ɗauki tsiro ɗaya a matsayin misali, domin a nuna yadda ake bi a tabbatar da cewa tsiron da ke hannu shi ne mai sunan da aka ba shi. Tsiron da aka zaɓa shi ne Persicaria careyi, wanda ake samu jefi-jefi a arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada, har zuwa fadamun da ke cikin faffaɗan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, waɗanda ake kira fireri. An zaɓe shi ne saboda yana da 'yan'uwa da dama da suke matuƙar kama da shi, alhali su sun yawaita, shi kuma ya yi ƙaranci.

3.4.2 Asalin Sunan Tsiron

Wani masanin tsirrai mai suna Stephen Olney ne ya fara bayyana kamannin wannan tsiro a shekarar 1847, ya kira shi Polygonum careyi, don girmama John Carey, wani Bature ɗan Ingila da ya yi nazarin tsirrai a Amurka. Kalmar Polygonum ta samo asali daga harshen Girka, kuma ana fassara ta da “mai gwiwoyi da yawa”, saboda gaɓoɓin karan tsirran wannan zuriya a kumbure suke kamar gwiwa. A shekarar 1904 Edward Greene ya mayar da shi cikin zuriyar Persicaria, kuma wannan suna ne aka fi amfani da shi a yau. Ke nan duk wanda ya ci karo da sunayen biyu a rubuce, ya sani tsiro ɗaya ake nufi.

3.4.3 Muhallinsa da Dalilin Ƙarancinsa

Tsiro ne na shekara ɗaya. Yakan fito, ya yi fure daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, ya zubar da iri, sannan ya mutu. Ya fi son ƙasa mai danshi da rairayi, da bakin tafki, da wurin da aka sassabe ko gobara ta ci bai daɗe ba. Saboda haka yakan bayyana bana a wuri, baɗi idan manyan ciyayi suka rufe wurin a neme shi a rasa.

Irin wannan muhalli ya ragu ƙwarai. Tun bayan dokar da Amurka ta yi a 1850, wadda ta miƙa wa jihohi filayen fadama domin a janye ruwansu, aka yi ta haƙa magudanai ana mayar da su gonaki. Jihar Ilinoi kaɗai ta rasa kimanin kashi 85 cikin 100 na fadamunta, kuma ta sanya wannan tsiro cikin jerin waɗanda ake tsoron ɓacewarsu. A nan ne muhimmancin tantancewa ya fito. Idan mai bincike ya ɗauki tsiron a matsayin ɗan'uwansa na gama-gari, ba zai rubuta shi cikin rahotonsa ba, kuma wurin da ba a san yana ɗauke da abu mai wuyar samu ba, ba kasafai ake kare shi ba.

3.4.4 Matakan Tantancewa

Hausawa na cewa, kama da wane ba ta wane. Don haka mai nazari kan bi matakai guda biyar, ɗaya bayan ɗaya, yana amfani da madubin hannu mai ƙara girman abu.

(a) Kuben gaɓa. A kowace gaɓa, daidai inda ganye ya fito, akwai wata siririyar fata da ta naɗe karan kamar yadda kube yake naɗe wuƙa. Wannan ita ce shaidar dangin gaba ɗaya. Ana iya ganin irinta a jikin Persicaria senegalensis, wanda yake fitowa a bakin ruwa a nan Afirka ta Yamma. A wurin careyi, jikin kuben yana da gashi, bakinsa kuma yana da jerin gasu a tsaitsaye kamar gashin ido.

(b) Gashin kara. Karansa, wanda kan kai tsawon mita ɗaya ko ya ɗan ɗara, yana da gashi da ya miƙe waje. A ɓangaren sama, musamman a sandar da ke ɗauke da furanni, akwai gasu masu ɗan ƙululu a tsininsu kamar kan fil. Wannan ƙululu ba ya ganuwa sosai sai da madubi.

(c) Zangarniya. Furannin ƙanana ne, suna jere a siririyar zangarniya wadda takan rankwafa, kuma ba su cika cunkushewa ba.

(d) Launin fure. Furensa jaja-jaja ne mai ɗan duhu, wani lokaci ya karkata zuwa ruwan shanshanbale.

(e) Ƙwayar iri. Idan aka murje busasshen fure a tafin hannu, za a ga ƙwaya baƙa ko mai duhun ruwan ƙasa, mai sheƙi, tsawonta kimanin milimita 2. Fuskokinta biyu duk a tashe suke.

3.4.5 Bambancinsa da Makusantansa

Tsirrai uku ne aka fi rikita shi da su, kuma kowannensu ya yi tarayya da shi a wata siffa.

Na farko shi ne Persicaria pensylvanica. Shi ma yana da gasu masu ƙululu a sandar furensa, don haka wanda ya tsaya a wannan alama kaɗai zai yi kuskure. Sai dai bakin kubensa ba shi da jerin gasu, zangarniyarsa mai kauri ce a miƙe, ƙwayar irinsa kuma a shafe take, da ɗan loɓawa a tsakiya.

Na biyu shi ne Persicaria lapathifolia. Zangarniyarsa na rankwafawa kamar ta careyi, har daga nesa ba a cika raba su ba. Amma furensa ya fi haske, karansa galibi sumul yake, bakin kubensa kuma ba shi da dogayen gasu.

Na uku shi ne Persicaria maculosa, wanda baƙo ne da ya shigo Amurka daga Turai. Bakin kubensa yana da gasu, amma gajeru ne. Sau da yawa akan ga tabo mai duhu a tsakiyar ganyensa, zangarniyarsa a miƙe take, sandar furensa kuma yawanci ba ta da gasu masu ƙululu.

Idan aka lura za a ga cewa kowace siffa ta careyi ana samun ta a jikin wani ɗan'uwansa. Abin da ya keɓanta da shi shi ne haɗuwar siffofin wuri ɗaya: kube mai gasu a baki, da kara mai gashi da ƙululu, da zangarniya mai rankwafawa, da ƙwaya mai fuska biyu a tashe. Wannan ne ya sa ba a yanke hukunci kafin tsiron ya yi fure ya ɗauki iri. Haka kuma hoton fure kaɗai ba ya wadatarwa. Dole ne a ɗauki hoton gaɓa da na kara daga kusa. Inda aka sami izini kuma tsiron na da yawa, akan tsinki reshe a busar, a kai ma'adanar busassun tsirrai domin a gwada shi da waɗanda aka riga aka tabbatar.

3.4.6 Kammalawa

A wannan sashe an ga asalin sunan Persicaria careyi, da muhallinsa, da matakai biyar da ake bi wajen gane shi, da kuma yadda ya bambanta da makusantansa uku. An fahimci cewa tantance tsiro ya dogara ne a kan tattara alamomi da dama, kuma kuskure a wannan aiki na iya jawo asarar wurin da tsiron ya rage. A sashe na gaba za a dubi kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar kube da gaɓa da zangarniya, domin a auna dacewarsu wajen koyar da ilimin tsirrai da harshen Hausa.