Kafin a Ɗora wa Darbejiyar Tsakar Gida Gatari

Da zarar iskar farkon damina ta yaye kwanon gida ɗaya a unguwa, kasuwar masu saran itace ta buɗe. Kowane maigida sai ya fara yi wa bishiyar tsakar gidansa kallon abokiyar gaba, maƙwabta kuma kowa da shawarar da zai bayar. Wasu maganganun gaskiya ne, har sun fi yadda ake faɗa haɗari. Amma da yawa ji-ta-ji-ta ce, kuma ita ke cinye inuwar da aka yi shekara ashirin ana raino.

Wadda ta fi yin ɓarna ita ce cewa idan bishiya ta yi tsawo, a sare mata kai gaba ɗaya, a bar gungume, wai ta haka iska ba za ta kayar da ita ba. Wannan ba gaskiya ba ne, akasinsa ma ke faruwa. Darbejiya, wadda aka kawo mana daga Indiya a zamanin Turawa har ta cika titunan Maiduguri, tana da saurin toho ƙwarai. Idan aka gundule ta, sai ta fito da tsiro barkatai a bakin saran. Waɗannan sababbin rassa a fatar itacen kawai suke manne, ba su da tushe a cikin zuciyarsa kamar reshen asali. Ga kuma babban rauni a buɗe, ruwan sama na kwanciya a kai, ruɓa na shiga, gara na biye. Bayan 'yan shekaru rassan sun yi nauyi a kan ruɓaɓɓen wuri, su ne kuma iska ke fara karyawa. Ƙa'idar da masana kiwon itatuwa ke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda, a fara da busassun rassa, da masu gugar juna, da waɗanda suka rufa kan ɗaki.

Akwai kuma masu cewa bayan an yanke reshe a shafa baƙin mai ko fenti a wurin don ya warke. Wani masanin itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya daɗe yana tsaga itatuwa yana duba yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, kuma bincikensa ya nuna shafe-shafen nan ba sa hana ruɓa. Bishiya da kanta take killace wurin da ya ji rauni, sannan ta rufe shi da sabon ɓawo daga gefe. Abin da take buƙata shi ne a yanka a inda ya dace. A gindin kowane reshe akwai wani ɗan kumburi inda ya haɗu da jikin bishiyar. A yanka daf da shi daga waje, kada a shafe shi, kada kuma a bar dogon kututture. Baƙin mai kam guba ne ga ɗanyen itace da ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Maganar saiwa fa? Nan akwai gaskiya, sai dai an cakuɗa ta. Mutane na zaton saiwa can ƙasa take nutsewa daidai tsawon bishiyar. Yawancinta ba ta wuce zurfin santimita 60 ba, yaɗuwa take yi a kwance, har ta zarce inda inuwa ta tsaya nesa. Don haka gaskiya ne tana iya ɗaga daɓen siminti, ta tsaga katangar da ba ta da zurfin harsashi, ta kuma kutsa cikin sokawe ko bututun da ya riga ya fara yoyo, domin danshi take bi. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa maganin hakan a haƙa rami a jikin gindi a datse manyan saiwoyi. Su ne ke riƙe da bishiyar a tsaye. Duk wanda ya datse su a ɓangare ɗaya ya bar ta, ya shirya mata faɗuwa, kuma ba shi zai zaɓi inda za ta faɗa ba. Bishiyar da aka dasa taku biyu daga ɗaki, wani lokaci cirewar ce kawai mafita, a dasa wata a nesa.

Batun cewa bishiya na shanye iskar mai barci da dare kuwa, eh tana numfashi, amma a fili abin bai kai ya cutar da kowa ba. Gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki su ne ke kisa. Sauro ma a kwantaccen ruwa yake hayayyafa, a ganye hutawa kawai yake yi.

Masu buga ƙusa a jikin mangwaro don ya yi 'ya'ya sun raɓi gaskiya kaɗan, domin rauni kan sa bishiya ta yi fure saboda wahala. Amma sanyin hunturu da bushewar ƙasa ne ke sa mangwaro fure, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo ya fi mai aure daɗewa kafin ya fara. A ƙarshen rassa yake fure, saboda haka wanda ya rage masa rassa gab da hunturu ya zubar da amfanin shekarar da hannunsa. Lokacin aski shi ne bayan an gama tsinka. Ƙusar nan kuma tana nan binne a ciki, ranar da injin yanka ya ci karo da ita, mai riƙe da injin ne zai ji a jikinsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗaukar da ake yi cewa duk mai gatari ya iya aikin. Ana tura yaro ya hau bishiyar da rassanta ke cikin wayar lantarki, wai ai itace ba ya jan wuta. Busasshe ke nan. Ɗanye cike yake da ruwa. Babbar waya mai ƙarfin bolt 11,000 ba sai an taɓa ta ba, kusantar ta ma ya isa. Irin wannan aiki na kamfanin wuta ne, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, NIGELEC a Nijar, su kashe layin tukuna. Haka nan bishiyar bakin titi ba ta maigida ba ce don tana ƙofar gidansa, a Nijar kuma gawo na cikin itatuwan da dokar daji ta kare, sai an nemi izinin malaman daji.

Idan mai sara ya ce, "Alhaji, ba sai ka biya ba, ka bar min itacen kawai," to a sani ribarsa na cikin yawan abin da ya sare, masu faskare da 'yan gawayi na jiran sa. Gara a biya shi ladan aikinsa, a yi cinikin itacen daban. Gwani yakan zagaya bishiyar kafin ya faɗi kuɗi, ya ƙwanƙwasa gindi ya ji ko akwai kogo, ya duba ko ƙasa ta tsage ko ta ɗaga a gefe guda. Yana zuwa da igiya da abokin aiki a ƙasa, babban reshe kuma gunduwa-gunduwa yake sauke shi, yana fara tsaga shi ta ƙasa don kada ya yage ɓawo in ya faɗi. A tambaye shi gidajen da ya yi wa aiki bara, a je a ga yadda bishiyoyin suke yanzu. A kuma yi magana a gaban shaida, tun bai hau ba, kan wanda zai biya idan reshe ya rushe katangar maƙwabci.