Zumunci A Ƙafa Yake, Har A Wayar Salula

Jama'a, da yawa daga cikinmu ba su manta da shekarar 2017 ba, lokacin da aka katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasarmu Kamaru, daga Janairu zuwa Afrilu. 'Yan'uwanmu na Bamenda sun ɗanɗana kuɗarsu. To, ko akwai wata hanyar aika saƙo idan irin haka ta sake faruwa?

Akwai. Wayoyi biyu da ke kusa da juna kan iya musayar saƙo kai tsaye ta Bluetooth ko Wi-Fi, ba sai sun bi ta turken kamfanin waya ba. Haka samarinmu ke tura wa juna finafinai ta Xender. Matsalar ita ce zangon gajere ne. Idan mai karɓa yana nesa, tilas saƙon ya yi ta sauka daga waya zuwa waya har ya isa. To, wayar wa za a danƙa wa?

A shekarar 2008, masana uku na Jami'ar Kambirij a Ingila, wato Pan Hui da Jon Crowcroft da Eiko Yoneki, suka fito da wata dabara mai suna Bubble Rap. Waya takan miƙa saƙo ga wayar mutumin da ya fi cuɗanya da jama'a, har saƙon ya shiga rukunin da mai karɓa yake ciki, sa'an nan a ci gaba da haka a cikin rukunin. Ta haka saƙo kan isa ba tare da an watsa shi ga kowa ba, batir kuma ya huta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu ba su ba kowa sallahu. Direban da ya san tasha ake ba, shi kuma ya kai wa mai unguwa ko limamin zango.

Sai dai a yi hattara. A shekarar 2020, masana a Ingila suka gano cewa ana iya leƙa saƙonnin manhajar Bridgefy, wadda masu zanga-zanga a Hong Kong suka yi amfani da ita a 2019. Dabarar da ta san abokan hulɗarmu kuwa, ta san asirinmu. Saboda haka kafin mu sa irin wannan manhaja a waya, mu tambayi masu sani ko tana kulle saƙo yadda mai ɗaukarsa ba zai iya karantawa ba.

Allah ya bar zumunci, amin.